Akwatin Baba Wang Ba Zai Fito Tarbar Baƙi Ba

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Jami'armu, da duk wanda wannan takarda ta bi ta hannunsa kafin ta kai teburinsa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan ofishinka. Yaya aiki, yaya kuma fama da wannan zamani da ya sa mai albashi yake kwana da lissafin kuɗin mota? Allah ya kawo mana sauƙi.

Ni ne Habu Liman, malamin adabi da wasannin ƙasar Sin a sashen da kuka rufe, wanda mutanen ƙauyenmu na Kukar Maƙera, a ƙasar Ɗanbatta, suke kira Malam Caina. Na rubuto maka a bainar jama'a ne saboda takardun da na aiko a rufe duk sun shiga ofishinka sun yi shiru. A makon nan kuwa sai ga masinja har ƙauye da takarda mai hatiminka, tana umartata da in dawo da akwatin kayan wasan Sinawa kafin wasu baƙi su iso daga ƙasar Sin, in ba haka ba in gurfana gaban kwamitin ladabtarwa. Ba zan kawo shi ba. Ga dalilaina, tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na ɗaya. Ka san ni, domin mun ci garau-garau a kwano ɗaya lokacin muna ɗalibai, amma masu karatu ba su san ni ba. Mahaifina limami ne kuma manomi. Da gurbin karatu na ƙasar Sin ya faɗo kaina, abokaina suka zaɓi likitanci da aikin injiniya, ni kuwa aka tura ni koyon harshe. Na je na gaya wa mahaifina a zaure, ina jin zai hana, har na tanadi maganar nan da kowa ya sani ta neman ilmi ko da a Sin ne. Ya saurare ni ya gama, ya ce malamai sun yi ta magana a kan ingancinta, amma ma'anarta ba ta da aibi, in je, in dai ba zan bar salla ba. Ban bari ba.

A can na tarar da abin da ban yi zato ba. Wani hutu malaminmu ya kai mu ƙauyukan arewacin ƙasar, wurin busassun tuddai da ruwa yake yi wa rowa. Da safe aka kawo mini kunun gero. Na riƙe kwanon na kasa sha don kewar gida. Mutanen nan gero suke nomawa kamar mu, sama suke kallo kamar mu, kuma in ruwa ya ɗauke hankalinsu tashi yake yi kamar namu. A tsakiyar kowane ƙauye akwai dandamali mai rufi, inda bayan an kai amfani gida sukan ɗauko 'yan wasa su yi kwanaki suna wasan kwaikwayo na waƙa, da ganga da kuge da wani gogensu mai kukan tsiya. Ɗan wasa ya ɗaga bulala, kowa ya san ya hau doki. Ya hau kan tebur, an san ya hau dutse. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba, sai ka ga ta san tarihin sarakunansu kaf daga wannan dandamali, har tana gyara wa ɗan wasa in ya tsallake baiti. Daga ranar na san aikina. Na yi digirina na uku a kan waɗannan wasanni na manoma, na dawo na koyar da su a jami'ar nan har gashina ya yi fari, na fassara abin da na iya fassarawa zuwa Hausa. Ban tara komai ba sai littattafai da ciwon baya, kuma ban yi nadama ba.

Na biyu. Akwatin da kake nema ba jami'a ce ta saye shi ba. Na wani tsoho ne, maigidan wata ƙungiyar 'yan wasan ƙauye, wanda nake kira Baba Wang. Na bi shi gari-gari ina ɗaukar masa kaya, ina rubuta abin da yake faɗa. A cikin akwatin akwai rigunan alharini masu dogayen hannuwa, da hulunan fada, da gemun ratayawa, da tutocin da jarumi ke ɗaurawa a baya. A wurinsu akwatin kaya abin girmamawa ne, ba kowa ke zama a kansa ba. Baba Wang ya ba ni labarin wasu shekaru da hukumar ƙasarsu ta haramta tsofaffin wasanni, ana bi gida-gida ana ƙona kayan. Shi kuwa ya sa akwatin a ramin ajiyar hatsi, ya zuba gero a kai, ya koma noma kamar bai taɓa waƙa ba. Can akwatin ya zauna har aka sake ba da izini, aka tono shi, aka kaɗe.

Zuwana na ƙarshe na tarar ƙungiyar ta watse, samari duk sun tafi birni aikin kamfani. Tsohon ya kira ni, ya dafa akwatin, ya ce ba shi da magaji. Sharaɗinsa na riƙe shi kamar yadda ya faɗa:

"Kada ka kulle su a gilashi, kuma kada a sa su don a faranta wa mai mulki. Kayan manoma ne. In an girbe, ka buɗe su a gaban masu noma."

Na ce na ɗauka. Bai daɗe ba bayan haka ya rasu. Amana ce, ranka ya daɗe, kuma kai ma ɗan malamai ne, ka san nauyinta.

Na uku. Da shekarun nan na tsanani suka kama, kuka kafa kwamitin rage kashe kuɗi. Ban ga laifinku ba a nan, kowa ya ga yadda abubuwa suka koma, mu ma a ƙauye buhun taki ya fi ƙarfin mai gona. Amma da kwamitin ya tashi neman abin yankewa bai ga motocin rakiya ba, bai ga tafiye-tafiyen taro ba, sai ɗan ɗakina mai fanka ɗaya. Aka rubuta cewa darasina ba ya kawo kuɗin shiga kuma ba shi da amfani ga tattalin arzikin ƙasa. Ba wanda ya kira ni ya ji ta bakina. Aka mayar da ni koyar da darasin share fage ga sababbin ɗalibai, na karɓa, domin koyarwa ba ta da ƙarami.

Abin da ban karɓa ba shi ne yadda aka yi da kayan. Ina ƙauye wajen noman farko aka fasa ƙofar ɗakin domin a mayar da shi wurin ajiyar kujeru. Masu kwashe kaya suka buɗe akwatin, suka ga gemu da jajayen riguna, suka ga hotunan fuskoki masu fenti a bango, sai suka ja da baya suna neman tsari. Kafin azahar labari ya zaga cewa an gano kayan tsafi a ofishin Malam Habu. Su ban riƙe su a zuciya ba, ba su taɓa ganin irinsa ba. Wanda na riƙe shi ne babban jami'in da ya je ya gani da idonsa, mai digiri, ya sa aka fitar da akwatin baranda a tsakiyar damina, sannan ya faɗa a gaban majalisar jami'a cewa irin waɗannan kaya ba su dace da tarbiyyar 'ya'yan Musulmi ba. Kana zaune a wurin, ka san ni tun ba mu da gemu, ba ka ce uffan ba. Wannan ya yi mini ciwo fiye da rufe sashen, kuma har yau yana yi.

Ni ɗan liman ne. Ban taɓa sunkuya wa gemun gashin dabba ba. Nazarin abin da mutane ke yi daban, bin addininsu daban, in ba haka ba da duk malamin tarihi ya zama bamaguje. Da labari ya iso ni na ɗauki hayar akori-kura, na tarar ruwa ya riga ya taɓa gefe ɗaya na akwatin, rigar sarauniya ta yi tabo. Na kawo shi gida. Ɗakunanmu na ƙasa ne, gara ba ta da kunya, don haka muka ɗage jinkar rumbun mahaifina, muka zura akwatin da igiya, muka jera dammunan gero a kai. Yayata Rabi, wadda take riƙe da gidan, ita ke taya ni fito da rigunan mu shanya a inuwa, ta barbaɗa busasshen ganyen darbejiya a tsakaninsu saboda asu. Ranar da ta fara ganin gemun ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce in riƙa sa shi ranar Juma'a tunda nawa ya ƙi fitowa da kyau. Tsohuwar nan ba ta ga tsafi ba, ta ga tufafi masu bukatar kulawa.

Na huɗu, kuma wannan ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Lokacin da kuka rufe sashen ina da ɗaliba ɗaya da ta rage a digiri na biyu, Talatu Ɗanjuma, 'yar wani ƙauye a ƙasar Tsanyawa. Kakanninta Maguzawa ne, iyayenta Kirista, manoma ne tun asali. Yarinyar nan ta koyi Sinanci a ɗakin nan mai fanka ɗaya har ta fi ni kunne. Bincikenta a kan wasannin bayan girbi ne, ta ɗora na manoman Sin a gefen kalankuwarmu da bukukuwan kaka na mutanensu, ta bi tsofaffi gida-gida tana ɗaukar waƙoƙin da ba wanda ya taɓa rubutawa. Ban taɓa duba aiki mai kyansa ba. Ta gama, an ɗaure kundin, saura kawai a gayyato mai jarrabawa daga waje ta kare shi.

Sai aka ce sashen da zai gayyato shi babu shi. Na je sashen harsuna, suka ce ba fanninsu ba ne. Na je na wasan kwaikwayo, suka ce ba su jin Sinanci. Makarantar manyan digiri ta ce a kawo sa hannun shugaban sashe, alhali sashen kujeru ne a cikinsa. Damina ta wuce, wata ta sake wucewa, kundin yana kan kanta yana shan ƙura. Mahaifinta ya sayar da shanunsa na huɗa domin wannan karatu, yanzu da hannu yake huɗa, da shekarunsa. Talatu tana gida, tana koyar da yara a makarantar cocinsu, tana taya uwarta surfe, 'yan garinsu suna tsokanarta wai ta yi musu yaren Caina su ji.

Kwanakin baya na haɗu da mahaifin a kasuwar Tsanyawa, wajen masu sayar da irin gyaɗa. Ya cire hula ya gaishe ni, muka yi ta gaisuwa, ya tambayi gida da gona, sannan ya ja ni gefe ya rage murya.

"Malam, ka gaya mini gaskiya don Allah. Yarinyar nan faɗuwa ta yi kuke ɓoye mini?"

Ranka ya daɗe, na tsaya gaban manyan malamai a ƙasashen waje na amsa tambayoyi masu wuya, amma ba wadda ta kai wannan nauyi. Na ce masa ba ta faɗi ba. Ya ce to me ake jira? Ban san yadda zan bayyana wa mutumin da ya sayar da shanunsa cewa karatun 'yarsa ya maƙale a bakin ɗakin ajiyar kujeru ba. Na dawo gida da kunya, kuma kunyar ba tawa ba ce.

Na biyar. Yanzu ga baƙi za su zo daga ƙasar Sin, an ce da alkawarin gini, sai kuka tuna akwai wani tsoho mai akwati. Ba a fafe gora ranar tafiya. Takardarka ta ce in kawo kayan, musamman wasu fararen riguna da ke ciki, domin a sa wa ɗalibai su yi layi a bakin ƙofa suna ɗaga hannu. Masinjan kuma, cikin murna, ya nuna mini a wayarsa hoton babban allon maraba da kuka riga kuka buga. Kun ɗauko ɗaya daga cikin hotunan da kuka ciro daga bangona, waɗanda jiya suke tsafi, kun zaɓi mai farar fuska, kun manna shi kusa da hotonka.

Na san yadda aka yi. Wani ya zauna ya ce fari ai shi ne alheri, farar zuciya, farar aniya, farin jini, ja kuwa haɗari ne, baƙi kuma ba a tarbar baƙo da shi. Hankalin Bahaushe ne, kuma a gidanmu daidai ne. Amma a dandamalin Sinawa jar fuska ita ce ta mai amana, baƙa ta mai gaskiya wanda ba ya tsoron kowa. Farar fuska irin wadda kuka zaɓa ta mugun bafade ce, mai murmushi a gaban sarki yana haƙa wa mutane rami. Yaron goye a can ya san haka. Fararen rigunan nan marasa ado kuwa na makoki ne, ana sa su a wasa in an yi mutuwa. Da na bi umarninka, da baƙinka sun sauko daga mota sun tarar da layin masu zaman makoki, ga hoton shugaban jami'a kafaɗa da kafaɗa da maci amana. Mutane ne masu kara, ba za su ce komai ba, za su yi murmushi su ɗauki hoto su kai gida.

Wannan bayani kyauta na ba ka shi, daga cikin ilmin da kwamitinka ya ce ba shi da amfani. Ka sa a sauke allon tun da sauran lokaci. Ban faɗa don in kunyata ka ba, da ina son haka da shiru zan yi in bar ranar ta zo. Jami'ar nan tawa ce kamar yadda take taka, ba na son a yi mata dariya a wata ƙasa. Talatu ma da kun tambaye ta, kallo ɗaya za ta yi wa allon ta gaya muku.

Na shida. Game da kwamitin ladabtarwa, a sa rana, zan zo da ƙafata, in kuɗin mota ya samu. Takardarka ta kira akwatin dukiyar jami'a. Ranar da yake baranda ruwa yana dukansa ba wanda ya ce na jami'a ne. Ina so kwamitin ya fara da tantance mini abu ɗaya, kayan tsafi ne ko dukiyar jami'a, domin ba zan amsa laifi biyu masu karo da juna ba. In kuma ritayata ake yi mini barazana da ita, saura kaɗan dama, kuma gonar mahaifina ba ta taɓa tambayata takardar shaida ba. Na gaji da tsoro, ranka ya daɗe, tsufa ya yi mini wannan rana.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba ƙarin girma ko alawus a ciki.

A gayyato mai jarrabawa Talatu Ɗanjuma ta kare kundinta, a ƙarƙashin kowane sashe kuka ga dama. In ta faɗi, ta faɗi a gaban malamai, mahaifinta ya san gaskiya. Na san ba za ta faɗi ba.

A janye maganar tsafi a gaban majalisar da aka faɗe ta, domin ina da 'ya'ya da jikoki a garin nan, kuma sunan gidan liman ne aka taɓa.

A mayar da darasin, ko da a ƙarƙashin bishiya ne. Ƙasar da 'yan kasuwarta suke cika jirgi zuwa Sin, kamfanonin Sin suke haƙa mata hanya, ba ta yi asara ba in ta samu mutum biyu-uku da suka san abin da ke sa mutanen nan kuka da dariya.

Ko an yi waɗannan duka, kada ka sa rai da akwatin a bakin ƙofa. Ba ciniki nake yi da shi ba, alkawari na ɗauka. In Allah ya kai mu kaka aka gama kai gero gida, za mu ɗage jinkar rumbu mu fito da shi dandalin Kukar Maƙera da la'asar, a gaban masu noma, kamar yadda mai shi ya ce. Mai unguwa ya yarda, limaminmu ya ce zai zo ya gani da idonsa. Talatu ce za ta tsaya ta yi wa mutane bayanin kowace riga da Hausa, mahaifinta kuma zai zauna a tabarmar gaba, ya ga abin da shanunsa suka saya. In baƙinka suna son ganin kayan kakanninsu a inda ake girmama su, motar Ɗanbatta tana tashi kullum, daga nan a hau babur. Za mu dama musu kunun gero, ba baƙonsu ba ne. Kai ma tabarmarka tana nan.

Akwatin nan ya taɓa zama ƙarƙashin gero har waɗanda suka haramta shi suka wuce, ya saba, zai iya jiran wani shugaban. Malam Ɗanjuma, mahaifin Talatu, shi ne ba shi da wannan lokacin. Zan sake ganinsa ranar kasuwa, zai sake cire hula, kuma wannan karon ba zan yi shiru ba. Zan ce masa 'yarsa ta ci jarrabawarta tun tuni, jami'a ce har yanzu ba ta zauna tata ba. Ya rage naka ka sa in canza wannan amsa kafin ranar.

Allah ya yi maka jagora, ya kewaye ka da masu gaya maka gaskiya ko da ba daɗi, ya raba ka da masu farar fuska. Allah ya sa ka sauka lafiya, ka bar wurin nan fiye da yadda ka same shi, ya ba mu damina mai albarka, ya sassauta wa talakawa.

Naka a kullum, duk da abin da ya faru,

Habu Liman,
Kukar Maƙera, ƙasar Ɗanbatta.

Wassalam.